Ku Sha Tsamiyarku, Jini Ko Gezau

To, likitocin teburin mai shayi, ku matso kusa. Kun ce kunun tsamiya na sa jini ya yi tsami, wasunku har sun koma sayen ruwan roba mai tsada, wai shi alkalayin, zai gyara musu jini. Sannunku da hidima!

Akwai ma'aunin tsami da ake kira pH, wanda Sørensen, wani masani ɗan ƙasar Denmak, ya fito da shi a 1909. Lemon tsami na wajen 2, ruwa zalla 7. Jinin mai lafiya kuwa yana tsakanin 7.35 da 7.45, ko ya sha tsamiya ko kunun kanwa.

Ga Alhaji can ya taɓe baki, wai wa ke tsare jinin a haka? Ranka ya daɗe, tambayi Hajiya abin da take yi in miyar yakuwa ta cika tsami: ɗan ruwan kanwa, magana ta ƙare. Jini ma yana da irin tasa kanwar, sunanta bikabonet. Asid na shigowa sai ta cafke shi, su rikiɗe su zama ruwa da iskar kabon, huhu ya fesar waje. In kuma tsamin ne ya yi ƙaranci, akwai wani asid mai rauni da ke zaman ko-ta-kwana, sai ya saki nasa a daidaita. Bikabonet ta ninka wannan asid mai rauni kusan sau 20, domin jiki kullum cikin samar da asid yake. Huhu na gyara cikin mintuna, ƙoda kuwa sai ta ɗauki awoyi ko kwanaki, amma aikinta ya fi ƙarko.

Ruwan naku mai tsada fa? Yana sauka zai yi karo da asid ɗin ciki, wanda pH ɗinsa kan kai 2 ko ƙasa da haka. Ɗan abin da ya tsira, ƙoda ta tura shi waje. Wato dai fitsari kuka yi wa gata, a gafarce ni.

Amma kada dariya ta ɗauke mu. Ciwon suga da ya ta'azzara, ciwon ƙoda, ko gudawa mai tsanani irin ta kwalara, duk suna iya fin ƙarfin wannan tsari. In kun ga mai ciwon suga yana jan numfashi mai zurfi da sauri, ga amai ga galabaita, ku ajiye musun, ku kai shi asibiti nan take.