Wankin Sarƙa a Unguwarmu

Mu dai a unguwar nan ba ma tunawa da wankin sarƙa sai biki ya matso. Ana gobe kamu za ka ji aike na yawo gida-gida, wannan na neman lemun tsami, waccan na tambayar ko an kwashe tokar murhu. A zazzage akwatin kayan ado a kan tabarma, gwal da azurfa da GL da murjanin Inna duk a cakuɗe, kowace ta kawo dabarar da ta gada.

"Makilin ne maganinta, Yaya, ki goga da tsohon buroshi."

"A'a, ki jiƙa ta a omo ta kwana."

Hajiya kuwa ba ta yarda da komai ba sai toka da lemun tsami, don da su ta ga mahaifiyarta tana wanke awarwaro. Kuma gaskiyarta ne, in awarwaron na tagulla ne. Tsami yana cinye dattin tagulla, shi ya sa ruwan tsamiya ma yake fito da ita jawur. Inda muke kuskure shi ne da hannu ɗaya muke wanke komai, alhali kowane ƙarfe da halinsa.

Gwal ba ya tsatsa, ba ya baƙi. Abin da ke dusashe shi man shafawa ne da gumi da hoda da ƙurar hunturu, su daskare a tsakanin 'ya'yan sarƙa. Ruwan ɗumi a kofi, ɗigon sabulun wanke-wanke, a jiƙa sarƙar kamar minti 15, sannan a bi ta a hankali da buroshi mai laushi irin na yara, musamman wajen ƙugiya da bayan abin wuyan, inda dauɗa ta fi taruwa. Za ki ga ruwan ya yi duhu-duhu, maiƙo na yawo a samansa. A ɗauraye a cikin kwano, ba a bakin rariya ba, don ɗan kunne ɗaya da ya sulluɓe ya isa ya ɓata wa mutum biki. A tsane da ƙyalle mai laushi, a shanya ta bushe sarai kafin ta koma akwati.

Makilin da toka suna sa ƙyalli nan take, ba musu, amma kankare ƙarfen suke yi. Gwal laushi gare shi, kuma iya tsabtarsa iya laushinsa. Duba jikin ƙugiyar sarƙarki: in kin ga 750, karat 18 ce, kashi 75 cikin 100 gwal; 875 karat 21 ce, irin wadda alhazai suka fi shigowa da ita daga Makka; 916 kuma karat 22. Wadda ta sayi sarƙa da giram, tana lissafin ranar da za ta sayar ta biya kuɗin makaranta ko ta ja jari, bai kamata ta riƙa dirje dukiyarta da toka ba. Ni abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne bilicin wanki. Yana cin sauran ƙarafan da aka gauraya da gwal ɗin, ya raunana wuraren walda, wata rana sarƙa ta tsinke a wuya a tsakiyar taro ba a san dalili ba.

Azurfa ita ce mai yin baƙi, kuma baƙin nan ba shaida ce ta jabu ba, kamar yadda wasunmu ke zargi. Sinadarin sulfa ne da ke cikin iska da gumi yake haɗuwa da ita. Ko ta maƙeran Agadas ce, ko ta Kasuwar Kurmi, ko mai hatimin 925, duk za ta yi. Dabarar da 'yan matanmu suka shigo da ita tana aiki: a shimfiɗa takardar aluminiya ta naɗe gasasshen kifi a kwano, a ɗora sarƙar ta taɓa takardar, a barbaɗa cokali guda na bekin soda, a tuttula ruwan zafi. Wani ɗan wari kamar na ruɓaɓɓen ƙwai zai tashi, baƙin ya bar azurfar ba tare da an kankare ta ba. Amma in baƙin ado ne da maƙeri ya bari a cikin zane, shi ma zai tafi, sai a kiyaye.

GL da sauran na yayi ruwan gwal ne siriri a kan tagulla ko wani ƙarfen. Ba a jiƙa su, ba a dirza. Shafawa da busasshen ƙyalle bayan an cire, shi ke nan. In ta fara barin kore a wuya, tagullar ce ta leƙo, kuma babu wankin da zai mayar da ita sai dai a kai a sake mata ruwa.

Murjani da lu'ulu'u kuwa, don Allah a nisanta su da lemun tsami, narkar da fuskarsu yake yi, hasken ya mutu har abada. Ɗanyen ƙyalle ya wadatar, kada ma a jiƙa zaren.

Sai ɗabi'ar nan tamu ta saka sarƙa tukuna, sannan a feshe wuya da turare, a shafa humra, a tsuguna kan kasko. Rabin dauɗar daga nan take. A gama shafe-shafe da turara jiki, sarƙa ta zo ƙarshe. In an dawo gida ita za a fara cirewa, kowace a 'yar jakarta, a kulle ƙugiyar don kada ta harɗe. Wadda kuma tata ta gagari wankin gida, ta kai wa maƙerin da ta sani, a ɗora a sikeli a gabanta kafin wanki, a sake ɗorawa bayan an gama.