Kimiyyar Gwanjo

Takalman makarantar yara na je nema wajen ’yan gwanjo, na dawo gida da akwatin kwali a hammata. A jikinsa akwai hoton ɗan Bature ya ɗaga kwalba yana murmushi, an rubuta Merit, ƙirar Ingila. Irin kayan wasan nan ne da Turawa suka riƙa saya wa ’ya’yansu a shekarun 1950 da 1960 don su koyi haɗa sinadarai. Wasan nasu kuwa ba na wasa ba ne, domin a 1950 kamfanin Gilbert na Amurka ya fitar da wani akwatin har da dutsen yuraniyom a ciki. Nawa dai babu, na duba. Ƙananan kwalabe ne a jere, wasu rubutunsu ya goge, sai wani ɗan mitsitsin cokali.

Uwargida ta leƙa ta ce, “Baban yara, ina takalman?” Na ce ilimi ya fi takalmi. Ta ce to, ran Litinin sai su saka ilimin a ƙafa su tafi.

Da rini na fara. Gishirin ƙarfe, wanda littafin akwatin ya kira feros salfet, in ya haɗu da ruwan bagaruwa baƙi yake bayarwa. Nawa ya tsufa, ya bar korensa ya koma launin tsatsa, amma ƙarfinsa na nan. Na daka bagaruwa, na tafasa a tukunyar da na fara cin karo da ita, na tsoma wani farin ƙyalle da na gani a kan igiya, na barbaɗa garin. Kafin in gama juyawa ruwan ya zama tawada. Na yi kabbara. Tukunyar ta tuwo ce, muciyar ma haka, ƙyallen kuma mayafin uwargida ne da aka wanke don bikin ƙanwarta.

Na kai wa maƙwabcinmu, wani tsohon baduku, don ya sha mamaki. Ya juya mayafin ya ce, “Ɗana, ai kuloko ka yi. Da kashin maƙera muke haɗa namu tun ina yaro. Nawa ka sayi naka?” Da na faɗa masa, ya daɗe yana tari. Kwalbar da na fi ji da ita, mai farin dutse, kallo ɗaya ya yi mata ya ce alimun ne, wanda mata ke jefawa a randa ruwa ya kwanta. Ya ƙara da cewa masu rinin Ƙofar Mata a Kano, da ake cewa tun 1498 suke wurin, da baba da toka da katsi suke aiki: zane ya fito daga rijiya kore, iska ta mai da shi shuɗi. Na ce haka ne, Baba, amma su ba su da akwati.

Da hunturu ya kankama muka tafi gona ɗaukar kara ni da abokina, na hana shi riƙe ashana. A akwatin akwai wasu baƙaƙen ƙwayoyi masu ƙyallin shunayya, fotasiyam famanganet, waɗanda masu zaman daji a Turai ke yabo: in aka ɗiga musu gilisarin, wannan dai da mata ke shafawa don kaushi, sai su kama da wuta da kansu. Na zuba a takarda, na ɗiga, muka ja baya. Shiru. Wani yaro makiyayi ya tsaya, ya jingina da sandarsa yana kallonmu. Can ya zaro laita daga aljihu ya ce, “Kawu, ga wuta.” Na ce mun gode, ba irinta muke nema ba.

Haɗin nan sai ya ɗau zafi a hankali kafin ya kama, sanyi kuwa ƙara masa nawa yake yi. Ganin iska na neman kwashe takardar, na cire hulata zanna bukar na kifa a kai, na juya ina yi wa yaron bayani. Shi ne ya katse ni: “Kawu, hularka na hayaƙi.” Wutar ta tashi fal, har da ɗan shuninta. Ina son a shaida cewa kimiyya ta yi aiki.

Saura ruwa. Ƙwayar famanganet ɗaya ko biyu ake sakawa, ruwa ya yi ruwan hoda kaɗan, ta rage ƙwayoyin cuta. Ruwan kududdufin gonar ya yi mini datti da yawa, na cika cokalin na juye a buta, ya koma kamar zoɓo. Abokina ya ce ruwan da launinsa ya canja ba ya alwala. Na yarda da fatawar, na ce toka kawai zan wanke daga hannu da fuska.

Kafin mu iso gari na rine. Famanganet in ya taɓa fata yakan bar tabo ruwan ƙasa wanda sabulu ba ya fitarwa. Haka na shiga bikin washegari, tsofaffi na tambaya wace ce ta yi wa mijin yaya ƙunshi har goshi. ’Yata da ke sakandare ta san lemon tsami yana goge shi, ta kuma gaya wa uwarta tun a daren. Uwargida ta ɓoye maganar, da lemon, sai da aka kai amarya. Farce kuwa sai da sabo ya fito.

Akwai sauran kwalabe marasa suna da malamin kimiyyar yarinyar ya ce kada a shinshina, kada a zuba a kwata. Suna kulle a kwabar uwargida, makulli na ƙugunta. Mai son saye cikin masu karatu ya zo da kuɗinsa, tare da takardar amincewar matarsa.