Masu Kukan Ba Lokaci

Duk shekarun da na yi ina shiga ofisoshin Kano, ban taɓa gamuwa da ma'aikacin da ya ce yana da lokaci ba. Daga darakta har mai buga takardu kuka ɗaya ake yi. Sai dai kowa da irin wuƙar da yake yanka nasa lokacin da ita.

Ga Malam Ga-ni-nan. Kun yi da shi ƙarfe bakwai za ku kama hanyar Kaduna. Bakwai da rabi ka kira shi, ya ce, "Ga ni nan, na kusa Ƙofar Nassarawa." Kai kuwa kana jin zakara na cara a bayansa, ana juye ruwa a bokiti, wata yarinya na cewa Baba a ba mu kuɗin tara. In ya iso, laifin cunkoso ne da 'yan adaidaita sahu. A wajensa "bayan La'asar" fili ne mai faɗi, iyakarsa kiran Isha'i.

Shi ko Sarkin Mitin ba ya makara, don shi ke kiran zaman. Yakan kira mitin a tsayar da ranar mitin, a kafa kwamiti, kwamitin ya haifi ƙaramin kwamiti. Wani Bature ɗan Ingila, Northcote Parkinson, ya gano irinsa tun 1955, lokacin da ya rubuta a mujallar The Economist cewa aiki kumbura yake har ya cinye duk lokacin da aka ware masa. Hujjarsa ma'aikatar sojan ruwa ta ƙasarsu: daga 1914 zuwa 1928 manyan jirage na raguwa, ma'aikatan ofis na ƙaruwa. Na taɓa zama a irin wannan mitin. Maganar miliyoyi ta wuce a minti biyar, kowa na gyaɗa kai don ba wanda ya karanta takardar. Da aka zo kan wanda zai riƙa kawo lemo da cincin, sai ga hujjoji, sai ga jijiyar wuya, har Azahar ta raba mu.

Mai Dayari ya fi ba ni tausayi, don niyyarsa kyakkyawa ce. Kowace Janairu yana da sabuwar dayari mai bangon fata, da biro kala uku. Shafin farko buri ne jere: digiri na biyu, haddar izu goma, rage tumbi. Bana ya zo da dabarar wani ɗan Italiya, Francesco Cirillo, wanda tun yana ɗalibi a ƙarshen shekarun 1980 yake saita agogon kicin mai siffar tumatir, ya yi aikin minti 25 ba ɗagowa, ya huta biyar. Dabara ce mai kyau, amma Cirillo bai yi lissafi da sallama ba. Agogo na fara tafiya baƙo zai leƙo. Ina kwana, ina gajiya, ya iyali, ya sanyi, ya jikin Hajiya, kafin a kai ga "dama wucewa na zo yi" an cinye rabin tumatirin. Zuwa Maris dayari ta koma wurin lissafin cefane.

Sai Alhaji Na-kowa, wanda bakinsa bai iya "a'a" ba. Asabar ɗaya, ɗaurin aure uku: Zariya, Gumel, Ɗanbatta, duk ƙarfe sha ɗaya, duk ya ce insha Allahu. An koya masa a wani kwas rabon ayyuka gida huɗu, wanda ake jingina wa Eisenhower, shugaban Amurka daga 1953 zuwa 1961: a ware mai gaggawa daban, mai muhimmanci daban. Ya zana gidajen tsaf a allo. Abin da masu kwas ɗin ba su sani ba, akwai gida na biyar da ya fi sauran faɗi, sunansa "ai da kunya". Nan ranar Alhaji take ƙarewa, fayil kuwa na tebur yana shan ƙurar hunturu.

Ɗan Gobara ba zan tsananta masa ba, don gidanmu ɗaya. Mu ne masu fafe gora ranar tafiya. A ba mu wata guda, mu yi kwana 29 muna cewa aikin na cikin kai, daren ƙarshe a ɗauke wuta, mu tashi maƙwabci neman janareto.

Akwai wata Hajiya a kusurwa da ba ta taɓa zuwa kwas ba. Ƙarfe biyu take ɗauko yara daga makaranta, saboda haka ɗaya da rabi teburinta wayam. In ka zo da hira, gaisuwa ɗaya take amsawa, idonta na kan takarda. Ana cewa ba ta da fara'a. Fayil ɗinta ne kaɗai ba a taɓa bin sawu ba.

Azumin bara muka taru shan ruwa gidan wani abokin aiki. Da na isa, saura minti ashirin, duk suna nan. Sarkin Mitin bai nemi a kafa kwamiti ba, Na-kowa ya kashe waya. Malam Ga-ni-nan kuwa shi ya riga kowa zuwa. Yana bakin tabarma, dabino a hannun dama, agogo a na hagu, yana tambaya cikin fushi ko lafiya ladanin unguwar nan ya makara da minti guda.