Masu Kunnen Ƙashi a Bayan Sitiyari

Daga Gidan Rumji zuwa Gazawa, hanyar ƙasa mai lamba 1 kusan miƙe take, ta ratsa Caduwa da Agiye ta nufi Tasawa da Damagaram. Mota mai ciwo tana iya cinye wannan tafiya ba ta yi ko tari ba. Asirinta kan tonu ne idan za a sauka daga kwalta, ko a juya cikin tasha, ko a kauce wa amalanken shanu. Da an murza sitiyari, wanda 'yan gareji a nan ke kira bolan, sai ta fara faɗin abin da ke damunta. Kowace ƙara da dalilinta, kowane direba kuma da dabararsa ta ƙin ji.

Na farko shi ne Sarkin Rediyo. Ƙaramar motarsa irin mai ja da tayoyin gaba ce, ta gama ƙuruciyarta a Turai kafin jirgin ruwa ya sauke ta a Kwatano. Duk kwanar da ya sha sai a ji ƙas-ƙas-ƙas daga gindin taya. Kardan ne ke kuka, wato gaɓar da ke kai wa taya ƙarfin inji ko da tana karkace. Robar da ke rufe ta, sufile, ta yage tun damina, giris ya tsiyaye, yashin Agiye ya shiga ya zauna yana niƙa ƙarfe. Maganin Sarkin Rediyo ɗaya ne: ƙarar kardan ta ƙaru, ƙarar Ɗan Maraya ta fi ta. Ranar da gaɓar ta watse, inji zai yi ta gurnani, mota ko gezau, waƙa kuwa ba ta tsaya ba.

Na biyu Malam Mai-Duk-Mai-Ne. Tasa ƙarar gunji ce mai tashi da sauka, kamar akuyar da aka raba da ɗanta, kuma sitiyari ya yi nauyi. Man famfon sitiyari ne ya ja baya, famfo yana zuƙar iska, abin da ya rage a gwangwani ya zama kumfa. Wannan direba ya gane ciwon, sai dai wurin magani yake ɓata rawarsa da tsalle. Yawancin tsofaffin Toyota jan man giya suke sha a wurin, kuma an rubuta a kan murfi. Shi kuwa abin da hannunsa ya kai ga shi yake ɗurawa: yau baƙin man inji, gobe man birki, wanda ke kumbura robobi har ɗigo ɗaya ya koma uku. Da man gyaɗar Caduwa bai yi tsada ba, da an ji ƙamshin ƙuli-ƙuli a kowace kwana. Yana da ƙane da ya sayi Corolla ta zamanin nan, ya wuni yana neman gwangwanin mai, alhali sitiyarin nata na lantarki ne.

Sai Mai Zargin Iska, wanda ke jigila tsakanin Tsibiri da Cadakori. Ya lura motarsa ba ta yin cii sai da sassafe, daidai kwanar da ke kusa da wata tsohuwar tsamiya. A ƙasar Gobir ba a raina tsamiya, don haka ya rataya laya a madubi, ya yi sadakar ƙosai, ya canza lokacin fita. Gaskiyar maganar, kwanar ce ta farko mai tsanani a hanyarsa, kuma igiyar robar da ke juya famfon sitiyari ta saki, tana zamewa idan aiki ya yi mata yawa, musamman kafin inji ya ɗumama. Matsalar ita ce sunan igiyar. Kalmar Faransanci ce, bakin gareji ya mai da ita kurwa.

"Alhaji, kurwarka ce ta saki," in ji bakanike.

"Inna lillahi! Ai na faɗa musu!"

Kafin a fahimtar da shi cewa noti ɗaya za a ɗaure, ya riga ya aika a kira masa malami.

Akwai Sarkin Lodi, mai a-kori-kura da ke kwasar buhunan aya da wake da riɗi zuwa Maraɗi ranakun Litinin da Juma'a. A lissafinsa mota ba ta cika sai in an rasa inda akuya za ta sa ƙafa. Nauyi ya danne ta, ga manyan tayoyin da ya sa don yashi, sai taya ta riƙa gogar jikin mota, gurrr, duk sanda ya karya kwana. Wannan da sauƙi. Mai ban tsoro ita ce ƙwal-ƙwal ɗin da ke biyo baya a kan gargada, kukan rotil, ƙwallon ƙarfen da ke riƙe taya da sandar sitiyari. Ranar da rotil ya fice daga kwaminsa, taya ɗaya za ta kalli Jibiya, ɗaya ta kalli Dakwaro. Idan aka yi masa magana sai ya daki ƙofa ya ce motar tana gaishe da jama'a ne.

Direban furoje, wato shirin raya karkara, ya fi kowa tsabtar riga. Yana kai baƙi Ɗan Saga su ga itatuwan da manoma suka raya a gonakinsu, ya sa giyar da ke jan taya huɗu don yashi, ya hau kwalta ya manta da ita. A ƙasa mai tauri tayoyin gaba da na baya ba su samun damar zamewa, sai Hilux ta riƙa tirjewa da tsalle a kwana kamar baƙon doki. Shi ne kuma mai murɗe sitiyari har ƙarshe ya danne yana waya, famfo na kururuwa, mai na tafasa. Rahotonsa ga ofis gajere ne: hanya ba kyau.

Aparanti kuwa, wato yaron mota, likita ne mai shekara 17. Zai shuri taya, ya kasa kunne, ya girgiza kai. Sufile ya yage? Leda da tsumman tub. Rotil na rawa? Waya. Abin da bakaniken kirki ke yi, wato ya ɗaga mota da jak, ya kama taya dama da hagu ya jijjiga ya ga inda wasa yake, aparanti na ganinsa ɓata lokaci ne, tunda fasinja na jira.

A kujerar baya ta Hiyas mai barin Gazawa kuma akwai wata tsohuwa da ƙwaryar fura a cinya. Ba ta san kardan ba, ba ta san rotil ba, amma ita ce ta fara ji tun motar na juyawa a tasha.

"Ɗan nan, motarka tana cizon haƙora."

"Inna, haka muryarta take tun daga Kwatano."

Ta dube shi, ta dubi ƙwaryarta, ta ce wa aparanti ya sauko mata da ƙunshinta, ta tuna tana da gaisuwar haihuwa a cikin gari. Direba ya ƙirga mata kuɗinta yana gunaguni, ya cusa mutum biyu a gurbinta, ya miƙa hannu wajen rediyo.