Sannu da Ƙoƙari, WordPress

A gaishe da Matt Mullenweg da mutanensa na WordPress. Ba kowa ba ne zai dubi manhajar da wajen kashi ɗaya bisa uku na shafukan intanet na duniya suka dogara da ita a lokacin, ya ga jama'a na rubutunsu lafiya lau, ya ce wannan kwanciyar hankali ta yi yawa. Su kuwa Allah ya ba su wannan hangen nesa. Ranar 6 ga Disambar 2018 suka saki WordPress 5.0, suka kawar da tsohon filin rubutu, suka kawo sabo. Don tsabar tawali'u, sunan Gutenberg kawai suka raɗa masa, Bajamushen nan da ya ƙera injin ɗab'i a ƙarni na 15.

A da, marubuci fili ɗaya yake buɗewa ya yi ta zuba magana har ya gama. Ina daɗin wannan? Yanzu kowane sakin layi tubali ne mai zaman kansa, hoto tubali, kanun labari tubali, kowanne da maɓallansa masu kunya, ba sa fitowa sai ka bi su da linzami kana lallashi. Wanda ya zo rubuta sanarwar ɗaurin aure sai ya tashi da sana'ar birkila, kuma ba a karɓi ko sisinsa ba.

Zaɓen lokacin ma abin a yaba ne. Kwanaki kaɗan kafin ranar aka sanar da ita, don kada masu kula da shafukan mutane su sangarce da shiri. Watan Disamba ne, masu kantunan intanet a Turai da Amurka na tsakiyar cinikin Kirsimeti, lokacin da ɗan kasuwa ya fi sha'awar a taɓa masa shafi. Washegarin sakin kuma aka buɗe babban taron masu WordPress, WordCamp US, a Nashville. Wannan katari ne kawai, kada wani ya yi mummunan zato.

An ɗan samu masu ƙorafi. Kwamitin WordPress mai kula da buƙatun naƙasassu ya ce ba zai ba makafi masu amfani da manhajar karanta allo shawarar su shiga Gutenberg ba. Shugabarsa, Rian Rietveld, ta ajiye muƙami a watan Oktoba. An saurare su da kunnen basira, sannan aka saki abin kamar yadda aka tsara. Shawara ai ke nan.

Jama'a ma sun nuna ƙauna. A ma'ajiyar WordPress sun ba Gutenberg wajen taurari biyu cikin biyar, suka adana ukun don gaba. Wasu murna ta hana su zama, suka ɓalle suka kafa tasu manhajar, ClassicPress. Miliyoyi kuma suka sauke Classic Editor, ƙaramar manhajar da ba ta da aiki sai kashe sabon ta dawo da tsohon. An ce za a kula da ita zuwa ƙarshen 2021. Da lokacin ya ƙarato, aka duba yawan masu rungume da ita, aka ƙara wa'adi.

Mai karatu, idan kai ma baƙauye ne irina, rubutu kawai kake so ka yi ka tashi, Classic Editor kyauta ce. Sauke ta da dare, kada 'yan ci gaba su gan ka.