Jarumtar Mai Kallo da Iyakarta a Abuja

Fim ɗin ban tsoro, wato wanda ake shiryawa domin tsikar jikin mai kallo ta tashi, yana da masoya a Abuja waɗanda ke biyan kuɗi a sinimar Silverbird domin a firgita su, alhali birnin yana ba da wannan hidima kyauta. Tun daga fim ɗin Living in Bondage na 1992, wanda ya ɗora labarinsa a kan tsafin neman dukiya, mai kallo ya saba cewa duk ƙarya ce, yana faɗa yana leƙa bayan kujera. Jarumtar tasa takan kai har lokacin da aka ɗauke wuta, sai a ga magidanci mai gemu yana aika ƙaramin yaro ya tayar da janareta a bayan gida, wai don yaron ya koyi aiki.

Wasannin binciken laifi irin su CSI na Amurka kuwa wata cuta suke haifarwa, domin wanda ya kalli kashi uku yakan ɗauki kansa jami'in bincike. Ana ganin alamarta a bakin titin Nyanya ko Kubwa, inda fasinja ke nazarin fuskokin mutanen cikin tasi saboda tsoron 'yan wan-cans, wato ɓarayin da ke shigar direba da fasinjoji, har motar ta cika ta bar shi tsaye. A nan dai ba a yi masa dariya sosai, domin waɗannan ba fatalwa ba ne.