Tsugune Ba Ta Ƙare Ba

Tun daga jin kan magana na san wasunku sun fara taɓe baki. Alhaji, na hango ka, ka dire kofin shayi kana cewa: "Wai yanzu an rasa abin da za a rubuta mana sai motar da aka tsugunar da gangan?" Da gangan kuwa, ranka ya daɗe. Mutum da hankalinsa da kuɗinsa zai cire sifirin da kamfani ya sa wa mota, ya sa gajere, ta yi ƙasa da santimita 3 ko 4, wani ma sai ta kusa lasar kwalta. Daga nan taya ta fara gugar fenda, wato bodin nan da ya yi mata rumfa, sai ya koma neman mai gyara. Ka ce ya sayi wahala da kuɗinsa, ban musa ba. Amma gyara zama, don kafin mu rabu sai na tsamo hannun rigarka a cikin zancen nan.

Masu cewa shiriritar yaran yanzu ce, abin ya girmi da yawa daga cikinku. A birnin Los Anjeles na Amurka, samari 'yan asalin Meziko sun fara shi tun bayan yaƙin duniya na biyu, har buhunan yashi suke lodawa a but don mota ta zauna. A 1958 jihar Kalifoniya ta yi doka cewa kada wani sashe na mota ya yi ƙasa da gindin rim. Shekara ta zagayo, wani Ron Aguirre ya ɗauko famfon mai irin na jiragen sama ya sa wa Corvette ɗinsa: in ya hango ɗan sanda ya danna ta miƙe, in ya wuce ta koma ta tsuguna. Sai a 2023 Gwamna Gavin Newsom ya sa hannu aka janye haramcin. Shekara 65 hukuma na fama da su ba su daina ba, Alhaji, kana ganin tsakinka ne zai hana su?

Na ji wani daga baya yana cewa: "Can titinsu kamar tabarma. Nan fa?" Wannan ka faɗi gaskiya, Malam. Mu nan ɗaga mota muke yi. Da an shigo da 'yar Kwatano, bakanike zai ce a sa mata ƙari a kan shokozoba don kada rami ya kwashe salansa, kuma har gobe tsofaffin direbobi na yabon Fijo 504 ta Kaduna saboda yadda take tsallake hanyar ƙauye ba ta shafa ƙasa ba. Yaron da ya tsugunar da mota a garinmu, in ya zo tudun rage gudu sai ya hau shi a karkace kamar ƙaguwa, 'yan acaɓa na bayansa suna ta hon. Ni ma na yi dariya, ba sau ɗaya ba.

To amma laifi tudu ne. Wa bai taɓa shiga Golf ranar kasuwa ba, mutum huɗu a baya, biyu a gaba ban da direba, but a buɗe an ɗaure buhunan albasa da igiya? Da ta faɗa rami sai ka ji ƙurrr daga baya, can kuma warin roba ya biyo. Direba ya ce: "Ba komai, Hajiya, taya ce take taɓawa." Wannan ƙarar ita ce dai take damun yaron da kuke yi wa dariya. Shi ya tsugunar da tasa don ado, mu mun tsugunar da tamu da albasa. Taya ba ta tambayar dalili.

Ga abin da yake cin ta. Tura yatsa ta cikin bakin fenda, za ka ji ƙarfen bai ƙare a inda ido yake gani ba, ya lanƙwasa ciki ya yi leɓe mai faɗin kamar yatsa guda. Kamfani ya yi shi don ya ƙarfafa gefen. A mota mai tsayi taya ba ta kai masa. In ta yi ƙasa, da an taka rami sai kafaɗar taya ta haɗu da shi, ya riƙa yankar ta kaɗan-kaɗan. Gefen taya kuwa ba ya karɓar faci, tambayi kowane mai faci na ƙwarai. Ranar da yankan ya kai zare kana kan gudu, ba ado ake zance ba kuma.

Sau tari ma yaran da hannunsu suke ƙara wa abin gishiri. Mota ta zo da taya 205, wato faɗin milimita 205, su sa 225, kowane gefe ya ƙaru da milimita 10. Su canza rim mai lamba ET45 zuwa ET35, ya sake turo taya waje da milimita 10. Ga santimita 2 nan sun tafi wajen leɓe, ga mota an sauke. Shi ya sa mai gyara na gaskiya ba ya fara da guduma. Zai shafa alli a cikin fenda, a zaga da mota, a dawo a duba inda allin ya goge. In gugar daga ciki take, ko sai an murɗa sitiyari ƙarshe take taɓa robar da aka lulluɓe cikin fenda da ita, to ko ka naɗe leɓe sau goma a banza. Wani lokaci maganin bai wuce rage faɗin taya ko ɗaga motar kaɗan ba. Wasu kuma su karkatar da saman taya ciki, ta daina gugar amma ta cinye ta gefe guda. An sayar da kare an sayi biri.

In kuwa leɓen ne, naɗe shi ake yi sama ya kwanta a jikin fenda ta ciki. Na tsaya na ga wani fanal bita yana yi, kuma tun daga ranar na rage raina aikin. Ya cire taya, ya wanke taɓon da ya maƙale a bayan leɓen, don ƙwayar tsakuwa ɗaya in ta rage za ta fito kamar ƙurji a waje. Ya ɗaura wani ƙarfe mai hannu a mazaunin taya da notunanta, a kansa akwai 'yar ƙaramar taya ta roba mai tauri. Yaronsa yana bin gefen da abin hura iska mai zafi har fenti ya kai wajen digiri 50 zuwa 60, zafin da hannu zai taɓa amma ba zai daɗe ba. Shi kuma yana kai hannun yana komowa, yana ƙara matsi ƙanƙani a kowane zagaye. Na ce: "Oga, ka danna sau ɗaya mana a wuce wurin." Ko kallona bai yi ba, ya ce fenti mai sanyi tsagewa yake yi, inda ya tsage kuwa nan tsatsa za ta kama. Da ya gama ya bi cikin naɗin da maganin tsatsa, tunda wurin ya zama aljihun ruwa da laka.

Masu ƙaramin ƙarfi a Amurka sandar wasan besbol suke cusawa tsakanin taya da fenda, a tura mota a hankali. Na san tuni wani ya fara kallon taɓaryar gidansu. Ka bar wa uwargida kayanta, don abin da ake samu sau da yawa gefe ne mai tudu da kwari. In kuma motar ta taɓa yin karo an cike wurin da fila, zafi da matsi za su ɓanɓaro shi ɓawo guda. Yanke fenda ita ce hanya ta ƙarshe, don ba a komowa daga gare ta. A Japan, Akira Nakai na kamfanin RWB yana yanke fendar Porsche 911 da hannunsa ya ɗora mai faɗi, masu kuɗi na bin layi. Kai da ba Nakai ba, garin neman gira kada a rasa ido.

Yanzu hannun riga. Alhaji, babbar rigar nan da ka biya ɗinkinta da tsada, ta yi faɗi har tana neman jan ƙasa, tun safe sau nawa ka naɗe ta ka ɗora a kafaɗa? Ba wanda ya ce ka koma sa 'yar shara. Ka ga ta yi maka kyau, ka yarda da naɗin. Yaron ma leɓe ya naɗe.

Ban ce ka tsugunar da motarka ba, ni ma tawa tana nan yadda kamfani ya yi ta. Amma yau in ka sauka, zagaya ka shafa gefen tayar baya da tafin hannu. In ka ji layi ya zagaye ta kamar an ja da wuƙa, ka rage buhu biyu, ka biya wurin mai taya kafin ka hau babbar hanya.